Spurs bayan 34 da 48: a ɗauki Harper, a sayo Durant, ko a nemo wa Wemby dogo na biyu?

Wannan hira ce ta masu son kwandon NBA, an yi ta a Yuni 2025 kafin daraf na shekarar; duk inda aka ce bana, kakar 2024 zuwa 2025 ake nufi.

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum ƴan kwando. Barkanmu da Sallah, da fatan haƙora sun huta da soye. Na ga hankalin kowa ya tafi final ɗin Oklahoma da Indiana, alhali daraf, zaɓen sabbin ƴan wasa da kulob-kulob ke yi bi da bi, ya ƙarato: Laraba 25 ga Yuni 2025 a Brooklyn, wajen ƙarfe ɗaya na dare agogonmu. Ina so mu zauna a kan San Antonio Spurs kafin ranar.

Ga lissafin bana. Wasa 82, an ci 34, an sha kashi 48, na 13 a Yamma. Bara 22 aka ci. Ƙarin nasara 12 ke nan, kuma a shekarar da koci Popovich ya kwanta tun 2 ga Nuwamba da ciwon shanyewar jiki, dogon tauraronmu Wembanyama (Wemby) ya tsaya a wasa 46, Fox da aka sayo a Fabrairu aka yi masa aikin yatsa a Maris. Ni ban kira wannan asara ba. Amma tun 2019 rabonmu da fileyof, wasannin fitar da gwani na ƙarshen kaka, kuma Dallas da ta zo ta 10 wasa 39 ta ci, ba nisa ba ne.

Ƙuri'ar jerin zaɓen daraf ta 12 ga Mayu ta ɗaga mu daga na 8 zuwa na 2. Muna kuma da na 14, na Atlanta, ribar sayar da Dejounte Murray a 2022. Na 1, Cooper Flagg, na Dallas ne, wannan an gama. Kowa na cewa Dylan Harper na Rutgers ne na biyu. To amma menar ne, wato mai riƙe ƙwallo ya shirya wasa, kuma a wurin muna da Fox, muna da Castle. Ku ce wani abu.

Ɗan Lakers: Kafin a fara, a yi mini bayanin yadda kulob kamar Dallas zai kyautar da Luka Doncic a Fabrairu, a Mayu kuma ya ci ƙuri'a da damar kashi 1.8 cikin ɗari. Ku kuma shekara uku a jere kuna cikin huɗun farko. Wanga abu da hannu a ciki.

Ɗan Bagalam: Wanda aka bai wa Luka kyauta shi ne ke kukan maguɗi? Da Luka da LeBron Minnesota ta sallame ku 4 da 1 a zagayen farko. Zauna ka sha shayi.

Autan Mokoyo: Yaya, ni hwa na gaji da jiran yara. Durant na kasuwa, kuma an ce San Antonio na cikin wurare uku da yake so, da Houston da Miami. Maki 26.6 ya yi bana. A Texas ya yi jami'a, Austin ga ta nan kusa. Ku haɗa Durant da Fox da Wemby ku gani in ba mu kai final ta Yamma ba. In Durant bai samu ba a tahi kan Giannis, a ba Milwaukee na 2 da na 14 da Vassell da duk abin da suka ce. Wemby da Giannis ƙarƙashin kwando guda, wa zai shigo?

Alhajin Babbar Kasuwa: Auta, kuɗin wani kake kashewa shi ya sa hannunka ya sake. Phoenix ta fi kowa biyan albashi bana, ga Durant ga Booker ga Beal, wasa nawa ta ci? 36. Biyu kacal ta fi mu, mu da rabin shekara ba Wemby. A Satumba Durant zai cika 37, shekara guda ta rage a kwantiraginsa, sama da dala miliyan 50, kuma ba zai zo ba sai an yi masa alkawarin ƙari.

Sannan ka duba abin da ke gabanmu. A Agusta Fox zai iya sa hannu kan ƙarin shekara huɗu, ana maganar dala miliyan 229, ya haura miliyar 100 na sefa. Baɗi war haka sai a zauna da Wemby, shi kuwa ba ciniki, abin da doka ta yarda duka za a ba shi. Bayansa Castle. Dokar albashi ta yanzu ba ta wasa: in jimlar albashin da kake biya ta haye layin haraji na biyu, ba ka iya haɗa ƴan wasa biyu ka musanya da ɗaya, har zaɓenka na daraf na gaba sai a daskarar da shi. Boston da ta ɗauki kofi a 2024 yanzu maganar rage kaya take yi. A irin wannan kasuwa, yaro gwani mai kwantiragin sabon shiga na shekara huɗu ya fi komai daraja. Ba a sayar da na 2.

Autan Mokoyo: Alhaji, Orlando ta ba da zaɓen zagayen farko har huɗu kan Desmond Bane ranar Lahadi. Su ba su san lissafi ba?

Alhajin Babbar Kasuwa: Ai hujjata ka kawo. In Bane, wanda bai taɓa zuwa All-Star, wasan zaɓaɓɓun taurari, ba, ya ci huɗu, nawa Giannis zai ci? Sai mun kwashe shago har da kanta.

Mushe Koci: Ku bar ni in yi maganar fili, tunda ita na sani. Ni damuwata da Harper ba ta gwaninta ba ce. Yaron na da jiki, ya kusa mita 2, bahago ne, in ya nufi kwando ya san yadda zai sa kafaɗa ya rage gudu ya bar mai tsaronsa ya wuce. Maki 19 yake yi a jami'a yana ɗan shekara 18 zuwa 19. Damuwata jifa ce daga nesa. Shi kashi 33 a maki uku. Castle 28.5. Fox a wasa 17 da ya yi mana bai kai 30 ba. Sochan kuwa abokan gaba barin sa suke yi, su ma nuna masa kwandon da hannu.

Ku tuna yadda wasa ke tafiya tun zuwan Fox. Ya karɓi ƙwallo a sama, dogo ya zo ya tare masa mutum, ya karya hagu. Mai tsaron Castle ya riga ya bar Castle a kusurwa ya sa ƙafa guda cikin fenti, filin da ke ƙarƙashin kwando. Mai tsaron Sochan ma haka. Kafin Fox ya yi taku biyu, mutum uku na gabansa. Sai ya mayar da ƙwallo baya, saura daƙiƙa bakwai, a miƙa wa wani a nesa ya jefa don dole. Ko lokacin da Wemby ke nan haka ake fama, shi ya sa kuke ganin mutum mai sama da mita 2 da 20 yana jifar maki uku kusan sau tara a kowane wasa. Wasu na cewa son ransa ne. Rabi son rai ne, rabi kuma ba wuri a ciki. In ka cire Harrison Barnes da ya haura kashi 43, da Champagnie da Vassell in ranarsu ce, wa ake tsoro a waje?

Yanzu a ƙaro na uku mai son ƙwallo a hannu. Kabu-kabu guda ne, masu tuƙi uku, kowa na son kan babur.

Maman Biyu: Mushe, da girmanka, amma wannan tunanin shi ya kashe kulob-kulob da yawa. A 1984 Houston ta ɗauki Hakeem Olajuwon, ba wanda ya zarge ta. Portland na da na 2, ta ce tana da Clyde Drexler, ba ta buƙatar wani mai irin wasansa, ta ɗauki Sam Bowie. Chicago ta ɗauki Jordan a na 3.

In wannan ya yi nisa, ga na kusa, kuma da Fox ɗin nan namu a ciki. A 2018 Sacramento na da na 2, tana da Fox a hannu, ta tsallake Luka ta ɗauki Marvin Bagley. A 2020 Allah ya sake ba ta Haliburton a na 12, a 2022 ta ce menar biyu sun yi yawa, ta tura shi Indiana ta karɓi Sabonis. Yau Haliburton ne muke tashi ƙarfe ɗaya da rabi muna kallo a final, shi ya jefa ta ƙarshe a wasan farko. Fox ɗin da aka yi duk wannan saboda shi kuma ya bar su. To mu ma sai mu tsallake gwani saboda Fox? Sau uku ke nan.

Kulob ɗin da ya ci 34 bai kai matsayin cewa wuri ya cika ba. Kuma ku da kuke tutiya da tarihi, Ginobili daga benci yake tasowa shekara da shekaru, Parker na ciki, aka ɗauki kofi huɗu tare.

Mushe Koci: Ɗiyata, ban ce a tsallake shi ba, ki sake karantawa. Cewa na yi in an ɗauke shi aiki ya ƙaru. Ginobili da Parker na da Bowen a kusurwa, daga baya Danny Green da Kawhi da Patty Mills. A final ta 2014 abin da ya kashe Miami ke nan, ƙwallo na yawo, duk wanda ta faɗa hannunsa zai iya jefawa. Wannan ekip ta yanzu ba ta da su.

Kuma sabon koci Mitch Johnson ba Popovich ba ne. Popovich na da kofi biyar da nasara 1,422, in ya ce wa tauraro zauna, sai ya zauna. Mitch a 2 ga Mayu aka tabbatar masa da kujera. Shi ne zai kalli Castle, wanda ya ɗauki kyautar gwarzon sabbin shiga, ya ce masa koma benci? Ko ya ce wa na 2 a daraf ya jira?

Maman Biyu: Minti 48 ne a wasa, wuri biyu na baya minti 96 ke nan. Mutum uku, 32 kowanne. Chris Paul ya cika 40, kwantiraginsa ya ƙare, iyalinsa na Los Angeles, ban ga zai zauna ba. Mintocinsa kaɗai sun ishi Harper. Kuma Castle na iya tsaron ɗan gefe, yana da ƙarfin.

Ɗan Bagalam: A nan zan tsaya wa Chris Paul kaɗan. Mutum ɗan 39 ya buga wasa 82 cif, duka yana cikin biyar ɗin farko. Bara sai da aka gwada Sochan a menar, Wemby na ɗaga hannu ƙarƙashin kwando ba mai ganinsa. Zuwan tsohon ne aka fara ba shi ƙwallo inda yake so. In ya tafi za a ji.

Ɗan Lakers: Gwarzon sabbin shiga biyu a jere kuke ta yi wa guɗa. Minnesota ta yi haka da Wiggins da Towns, 2015 da 2016. Ku tambaye su kofi nawa ya biyo baya.

Majo: Ku yi haƙuri in shigo da abin da kowa ke kauce wa. Duk lissafin nan a kan kafaɗar Wemby ta dama yake, kuma a nan aka samu gudan jini a jijiya, aka sanar 20 ga Fabrairu. Ba targaɗe ba ne da za a ɗaure. Maganinsa na tsinka jini ne, mai shan sa kuwa ba a barinsa wasan da ake karo, don ko ƙaramin bugu a kai na iya jawo zubar jini a ciki. Haɗarin kuma shi ne gudan ya ɓalle ya tafi huhu.

Akwai misali ta kowane gefe. Chris Bosh abin ya maimaita masa, 2015 da 2016, wasansa ya ƙare a nan. Brandon Ingram kuwa a hannu ya same shi a 2019, aka yi masa aiki, shekara ta gaba ya je All-Star. Na hannu da kafaɗa sau da yawa matsewar jijiya ce tsakanin ƙashin wuya da haƙarƙarin farko, ga mai yawan ɗaga hannu sama, in an gyara wurin an rabu da shi. Kulob ya ce yana sa ran zai fara kakar baɗi. Allah ya sa. Amma ni da ni ne Brian Wright, manajan kulob ɗin, ba zan gina ekip da ke rushewa duk daren da mutum guda bai fito ba.

Autan Mokoyo: Majo, mutumin da ke China gidan ƴan Shaolin ya aske kai ƙwal yana kunfu, ai ya warke.

Majo: Aski ba takardar likita ba ne, Auta.

Mushe Koci: Majo ya taɓo inda nake son zuwa. Lokacin hutun All-Star muna 23 da 29. Bayan tafiyar Wemby 11 da 19. Abin da ya fi ba ni haushi ba kashin ba ne, yadda ake shan sa ne. Zach Collins ya tafi Chicago cikin cinikin Fox. Charles Bassey, ɗan Legas, gwiwa ba ta barinsa. Sai da aka kira Bismack Biyombo da kwantiragin kwana goma, ya zo ya shiga biyar ɗin farko. Mamukelashvili ya yi daren nan na maki 34 cikin minti 19 a kan New York, mun yi ihu, amma ba mai tsare kwando ba ne. Ko lokacin da Wemby ke lafiya, da ya zauna hutawa sai ka ga abokan gaba sun miƙe hanya sun nufi kwando, ribon kuma, ƙwallon da ta dawo in jifa bai shiga ba, su ɗauka sau biyu sau uku a hari guda.

Shi kansa nauyin ya yi masa yawa. Maki 24.3, ribon 11, kaɓe ƙwallo 3.8 a kowane wasa. Wasa 46 ya yi amma ba wanda ya kamo shi a yawan kaɓewa har aka rufe kaka. Dokar da ta ce sai mutum ya buga wasa 65 a kaka ce ta hana shi shiga takarar gwarzon tsaro, Evan Mobley ya ɗauka. Yaro siriri haka ba a barinsa yana kokawa da su Jokic da Zubac minti 33 kullum. Oklahoma ta gane haka da Holmgren, ta sayo Hartenstein bara, ta kawo Caruso, ta ci 68. Ba tauraro suka ƙaro ba.

Ƴar Ali Ɗan Sofo: To ga nawa, ku yi dariya in kun so. Khaman Maluach. Ɗan Sudan ta Kudu, a Uganda ya tashi, ya yi makarantar NBA ta Saly a Senegal, ya buga BAL, gasar kwando ta Afirka, ya je Olamfik ta Paris yana ɗan 17, bana ya yi Duke tare da Flagg. Mita 2 da 18. A sauka daga na 2 zuwa na 6 ko 7, a karɓi ƙarin kaya, a ɗauke shi. Dogo biyu kamar Robinson da Duncan a 1999.

Maman Biyu: Ƙawata, zuciyata na tare da ke, ɗanmu ne. Amma Duncan ya zo da shekara huɗu na jami'a a jikinsa. Maluach bai daɗe da fara kwando ba, yanzu aikinsa ya kama a sama ya zura, ya tsaya gaban kwando. Zai yi kyau, amma sai an jira shi, kuma ba a sauka daga kan Harper don mai jiran Wemby ya huta. In ana son sa, a haɗa na 14 da Keldon Johnson ko ɗaya daga zaɓukan Atlanta na gaba a hau sama. Ba zai kai 14 ba.

Alhajin Babbar Kasuwa: Wannan ciniki ne da zan sa hannu. Na Atlanta na 2027 na nan ba sharaɗi, ga damar musanya ta 2026. Da su ake sayen dogo da mai jifa, ba da na 2 ba. Kuma dogon benci ana samunsa a kasuwar Yuli da kuɗi matsakaici, gogagge, ba sai yaro ba.

Ɗan Bagalam: Vassell fa? Ba wanda ya ce komai. Dala miliyan 135 na shekara biyar, ya fara bana a makare saboda aikin ƙafa, wata rana 30 wata rana 8.

Mushe Koci: Vassell an sa shi aikin da ba nasa ba shekara uku, shi ne mai ƙirƙirar jifa don ba kowa. In Fox da Harper na kutsawa, shi ya tsaya ya karɓa ya jefa, za ku ga wani mutum daban. Ni ba zan sayar ba. Wanda nake shakka Sochan ne. Ina son zafinsa, shi ake ɗora wa tauraron kowace ekip, amma shi da Castle da Harper ba sa shiga fili lokaci guda.

Wani abu kuma, ba na Spurs ba. Tun wasannin Paris na Janairu, da suka zo mana da wuri ba sai an raba dare ba, yarana suka lalace. Na farko mun ci Indiana 140 da 110, Wemby ya yi 30, fada ta cika har da masu leƙe ta kan katanga. Washegari na zo fili da la'asar, siminti na ƙuna, ƙwallo biyu gare mu duk sun suɗe, na tarar da yaro ɗan 12 da bai kai kafaɗata ba yana jifa daga kusan tsakiya, ƙwallo ko ƙarfen ba ta taɓawa. Na ce ya matso ya yi mini ta kusa da hannun hagu sau goma, ya ci biyu. Ba su kalli wasa na biyu ba da aka yi mana 136 da 98.

Ɗan Lakers: Ni na kalla, Mushe. Har ƙarshe.

Autan Mokoyo: To yanzu duk kun taru kun ce a yi haƙuri. Houston ta ci 52 ta zo ta biyu, in ta ɗauki Durant fa? Oklahoma yara ne, shekara biyar suna nan. Denver na nan, Minnesota na nan, Dallas ga Flagg ga Davis. Yaushe za mu wuce su? Wemby zai zauna yana jira har abada?

Maman Biyu: Shekararsa 21, Auta. Jordan sai a 28 ya ɗauki na farko, Giannis 26, Jokic 28. Oklahoma ɗin da kake tsoro a 2019 ta sayar da Paul George ta karɓi tauraronta Shai Gilgeous-Alexander da tarin zaɓuka, ta sha kashi shekara biyu, ba ta taɓa kayan ba sai da ta san me ta rasa. Fox da Wemby wasa biyar kawai suka yi tare. Biyar. Ko su ba su san me suke da shi ba, balle mu a Maradi.

Majo: Ni burina baɗi kaɗan ne: Wemby ya haura wasa 65, a shiga shida na farko ko a ƙalla wasan neman gurbi.

Ɗan Bagalam: To na 14, kowa ya faɗi suna, in an ƙi hawa sama.

Ƴar Ali Ɗan Sofo: Joan Beringer, Bafaranshe dogo da ke wasa a Slovenia. Tunda kun hana ni Maluach.

Mushe Koci: Shi ma ɗanye ne. Ni ɗan gefe nake so mai tsaro da jifar kusurwa, wanda ba ya buƙatar ƙwallo a hannu. Carter Bryant na Arizona in ya kai can. Kon Knueppel ne ainihin maganinmu, amma ba zai wuce goman farko ba.

Autan Mokoyo: Na 14 da Vassell da Barnes a kai Phoenix. Na 2 na nan, Harper na nan, Durant ya zo. Alhaji, wannan fa?

Alhajin Babbar Kasuwa: Ka ba da masu jifa biyu da muke da su ka karɓo guda ɗan 37. Mushe, yi masa lissafin kusurwa, ni zan buɗe shago.